Gishiri a Maƙogwaro

A ɗakin jiran asibitin ido a tsibirin Jeju na ƙasar Koriya ta Kudu, wata tsohuwa mai sana'ar nutso a teku ta dubi na kusa da ita.

"Ɗan nan, kai ma hanyar hawaye ce ta toshe aka buɗe maka?"

"Ita ce, Iya. Yau za su ɗura ruwan gishiri a idon. In kin ji shi a maƙogwaro, aiki ya yi."

"Zan ji shi kuwa! Tun da ruwa ya ci ƙanwata 'ya'yana suka ɓoye min kayan nutso, wai kullum kuka nake. Toshewa ce kawai."

"Wane idon aka yi wa aikin?"

"Na hagu."

"Iya, ai na daman ne ke zuba."

Ta goge shi da hannun riga.

"Shi ma su ɗura masa. Gobe ina cikin ruwa."