Bibbiyu Hajiya Take Jan Carbin

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Ni tsohon hedimasta ne daga Zaitawa. Bayan hannuna na dama ya shanye, likita ya umarce ni da ɗaga shi sau talatin da uku kullum. Saboda zafi nakan runtse ido, mai ɗakina Hajiya tana ƙirga mini da carbi. Wata uku babu sauƙi, har likita ya ce ba na cikawa. Ni da ban taɓa murɗe makin ɗalibi ba!

A gida ta ce, "Alhaji, bibbiyu nake ja. Ba na iya kallon wahalarka."

Har yau ba na riƙe alƙalami. Wasiƙar nan ma ita ta rubuta. Masu sauraro, wa zan damƙa wa carbin yanzu?