Ruwan Rijiyar Gidan Shugaba

A tashar bas, kusa da gidan da wani tsohon shugaban Koriya ya girma, Gil-su na zaune rungume da gorar ruwa. Tsohuwa mai sayar da dafaffiyar masara ta ƙare masa kallo.

"Kai ma rijiyarsu ka ɗebo?"

"Eh, Kaka. Jibi 'yata za ta zana jarrabawar shiga jami'a. An ce ruwan nan ya buɗe wa shugaba ƙwaƙwalwa."

Ta sheƙe da dariya. "Shekara saba'in ina shansa, ɗan nan! Shi makaranta aka tura shi, ni rijiya. Ina yarinyar?"

"Tana tsare mini shago."

"Jibi jarrabawa, tana tsaron shago, ubanta na yawon rijiya? Ga bas can, ruga ka karɓe ta!"