Baba Kumfa da Ciwon da Aka Yi Shelarsa

Da sunan Allah nake buɗe baki. Assalamu alaikum.

Shugaban hukumar wannan kamfani, ranka ya daɗe, barka da zuwa. Manaja, barka. Wakilin kamfanin inshorar lafiya, kai ma barka, kuma na ji daɗin ganinka, don akwai rabonka a maganata. Shugaban ƙungiyarmu ta ma'aikata, malam liman, dattawan unguwa. Inna, mahaifiyar marigayi, Allah Ya ba ki haƙuri. Yaya, matarsa, da 'ya'yansa da ƙannensa. Sai ku 'yan'uwana ma'aikata da kuka cika ɗakin cin abincin nan har bakin taga, sannunku.

Ni ce shugabar sashen naɗe sabulu. Ƙungiya ce ta tsayar da ni in yi magana da bakinmu duka, aka kuma ja mini kunne in taƙaita, in sassauta. Taƙaitawa zan gwada. Sassautawar ce ban yi alkawari ba.

Sababbin cikinmu ba su san inda sunan Baba Kumfa ya samo asali ba. Wata rana babbar tukunyar dafa sabulu ta tumbatsa, kowa ya ranta a na kare. Shi kaɗai ya kutsa ya kashe wutar. Ya fito fari fat tun daga hula har takalmi, ya dube mu ya ce, "To, ni dai na yi wankan shekara, saura ku." Daga ranar sunan ya bi shi.

Ya kasance mai tsayawa inda kowa ke gudu. Ya kasance malamin duk wanda ke riƙe da tukunya a kamfanin nan yau. Ya kasance shi ke fara fitowa da shebur in kwatar unguwa ta toshe, shi ne kuma ya sa masu gida a gaba har aka sayo mana safar hannu bayan soda ta ci yatsun mutane.

Ya kasance, sama da komai, mai riƙe bakinsa. Lokacin da nake da ƙaramin ciki bayan ɓari biyu, jiri ya kayar da ni a bayan sito. Shi ya tarar da ni. Ya kawo ruwa, ya tsaya ya ba ni baya har na farfaɗo. Na ce, "Baba, don Allah kada kowa ya ji." Ya ce, "Ya ji me? Ni kwali na zo ɗauka." Har na haihu ba wanda ya ji.

Wannan mutum ne aka yi wa abin da zan faɗa. Yaya, ke kika ba ni izini. Na tambaye ki kafin in hau nan, don shi ba a tambaye shi ba.

Bara ya je asibiti da katin inshorar da kamfani ya yanka mana. Likita ya ga abin da ya gani, ya ce ciwo ne mai nauyi amma ana lallaba shi. Ba zan faɗi sunansa ba, an faɗe shi ya isa. Baba Kumfa bai gaya wa kowa ba tukuna. Inna ba ta daɗe da tashi daga jinya ba, yana jira ta yi ƙarfi, yana kuma jiran gwaji na biyu, sannan ya zaunar da iyalinsa.

Ashe a zaman sabunta yarjejeniyar inshora da Manaja, da aka tambayi mutanen inshora me ya sa kuɗin ya hau, sai suka amsa da sunan mutum da sunan ciwonsa, ana kurɓar shayi.

Kun tuna safiyar. Muna tsaye a fili kafin shiga aiki, Manaja ya ɗauki lasifika ya ce, "Jama'a, mu sa Baba Kumfa a addu'a." Sai ya faɗi ciwon. Ya faɗi har inda yake a jiki, wurin da dattijo ba ya ambata a gaban 'ya'yansa. Baba na tsakiyarmu, safar hannu a hammata. Mata muka sunkuyar da kai. Wani a baya ya ƙyalƙyale da dariya. Shi kuwa ƙasa yake kallo kamar an kama shi da sata.

Kafin ya tashi aiki, matar wani ma'aikaci ta riga shi isa gida dubiya. "Sannu Yaya, ya mai jiki?" Yaya ta ce, "Wane mai jiki? Ai lafiya lau ya fita." A gaban Inna aka kwance musu labarin. A bakin baƙuwa uwa ta ji ciwon ɗanta, a bakin baƙuwa mata ta ji na mijinta!

Washegari ya nemi in raka shi ofis a matsayin shaida. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya gaya maka?"

Manaja ya ce, "Baba, mu ke biya, dole mu san abin da muke biya wa. Kuma ai alheri na nufa."

Ya ce, "Magani kuka saya mini, ba jikina kuka saya ba. Da addu'a nake nema, ina da baki."

Sati bai zagayo ba aka ɗauke shi daga tukunya aka kai shi bakin ƙofa, wai ya huta. Mutumin da ya horar da sashe guda ya koma ɗaga wa motoci ƙarfen ƙofa, kowane direba na leƙowa yana cewa, "Baba, ya wajen?" Ya ajiye katin. Ya ce ba zai ƙara tuɓe riga a ɗakin da bangonsa ke da kunne har ofishin Manaja ba. Ya koma wani asibiti mai nisa da aljihunsa, wani watan ya je, wani watan ya kasa.

Ban ce kun kashe shi ba. Kwana ne ya ƙare, kuma ba mai ja da Allah. Amma wa ya kore shi daga asibitin da yake da hakki a kai? Wa ya ƙwace masa damar ya kama hannun matarsa ya gaya mata da bakinsa? Ku duba mu nan. Akwai masu hawan jini, akwai masu neman haihuwa, akwai masu ciwon da ko miji bai sani ba. Kati na aljihu, amma a kantin magani suke lallaɓawa, don kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta.

A taron ƙungiya na ƙarshe da ya halarta, da ƙyar ya miƙe. Ya ce, "Nawa ya riga ya fita, ba ya komawa. Ku tsare naku." Mun ji, Baba. Ranka ya daɗe Shugaba, ga matsayarmu: ba za mu amince da wata yarjejeniya ba sai an rubuta cewa abin da likita ya gani ya tsaya tsakaninsa da mai jiki. Kamfani ya biya, kada ya tambaya. Inshora ta karɓa, kada ta faɗa. Manaja kuma, ga Inna nan zaune. Ba lasifika take buƙata ba, gidanta kuwa ka san hanya.

Yaya, kada ki ce ya ɓoye miki don bai yarda da ke ba. Tausayinki ne ya sa ya jinkirta. Ku 'ya'yansa, ku ɗaga kai, ba ubanku ne ya yi abin kunya a filin nan ba.

Mun gode wa duk wanda ya tako, da waɗanda suka yi jinya, da waɗanda suka ɗauki makara.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka sa ciwon ya zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba Inna da Yaya da yara juriya. Ya Allah, mu a nan mun kasa rufa masa asiri. Kai Ka rufa masa a can.

Amin. Wassalamu alaikum.