An Mari Yarinya Don Ta Cece Ni

Mai gabatarwa, barka da aiki. Maman Ladi ce daga Laranto, kuma raina a ɓace yake.

Ranar Talata farfaɗiya ta kayar da ni kusa da murhun mai ƙosai. An ce manya duk suka watse, wai kada yawuna ya sa musu ciwon. Wata 'yar firamare ce ta janye ƙafata daga wuta, ta tallafe kaina da rigar sanyinta.

Ina farfaɗowa na ga uwarta ta sharara mata mari tana cewa, "Wa ya aike ki?" Rigar ma ta wurga a kwata!

Jama'a, ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu. A gaishe min da yarinyar nan. Uwar kuwa, a faɗa mata ban gaishe ta ba.