Ajin Malama Saratu Ya Ƙwace Mini 'Yata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye ta wajen Kuyello. Shekarata goma sha bakwai ina riƙe da alli, in na shiga aji ko tari ba a yi.

Bana aka turo mana sabuwar malama, Saratu. Ita ba ta tsayawa gaban allo. Sai ta zaunar da yara rukuni-rukuni, 'ya'yan Fulani su bayyana yadda ake gane saniya ba ta da lafiya, 'ya'yan manoma su kawo masara a yi lissafi da ƙwayoyinta. Na je na gaya wa hedimasta wannan hayaniya ce, ba karatu ba.

To, ranar kasuwa ajina a watse, nata a cike. Wallahi abin yana ci mini rai. Shekaranjiya 'yata Hafsatu, da ke ajina, ta ce, "Baba, a mayar da ni ajin Malama. Can ana jin ta bakinmu."

Jama'a, ku ba ni shawara. Da wane ido zan roƙi sa'ar ƙanwata ta koya mini aikina, bayan ni na kai ƙararta?