Ƙofar Baya

A tashar Daura, wata tsohuwa da wata matashiya suna zaune a benci, suna jiran motar Katsina ta cika.

"'Yar nan, wannan tulin takardu fa? Makaranta za ki?"

"A'a, Inna, rajista zan je nema. Shagon gyaran fata gare ni, jami'an lafiya suka rufe shi. Wai ba lasisi, ba ma'aikaciyar jinya."

"Kin ƙona fuskar wata ne?"

"Ko ɗaya! Shekara tara ina cire ƙuraje da tabo, ba wadda ta dawo da kuka."

"To ki kwaso su mana, su yi miki shaida."

"Su wa? Ta ƙofar baya suke shigowa, cikin niƙabi, kada a ce kyansu na saye ne. Ni da kaina na sa aka fasa musu ƙofar. Jiya gida shida na shiga neman shaida. Wata amarya da na gyara, ce wa surukarta ta yi talla na kawo."

"Assha! Matso nan, rana na dukanki. Ya sunanki?"

"Haulatu. Inna, sati uku ke nan da rufe shagon, ke ce ta farko da ta yi mini magana a gaban mutane."