Tambayar Mai Maganin Ɓera

Mai maganin ɓera bai yi ciniki ba, ga shi ya tona asirin gidansa. A tashar Bulumkutu ne, ranar Talata, shi da wata ɗalibar jami'a mai riƙe da kejin ɓeraye.

"Malama, muna kashe su, ke kina ɗaura musu aure?"

"Bincike nake, Malam. Macen ke da zaɓi. In wani sinadari bai motsa a ƙwaƙwalwarta ba, namijin shuri zai sha."

"Ko ya kawo mata gyaɗa?"

"Ta cinye, ta shure shi."

Ya rage murya. "Sinadarin nan, ana sayarwa?"

"Na ɓera?"

"Na ɓera mana."

"Wata nawa ɓerar taka ba ta kula ka ba?"

"Huɗu," ya ce, kafin ya ankara.

Motarta ta tashi bai ji sunan sinadarin ba.